Ku Tambayi Gwaggo: Hayaƙi yana korar nauyin gida?

Wasiƙun da suka zo mani a wannan watan, da yawansu a kan hayaƙi suke: wanda ake tallatawa a waya, wanda malam ke bayarwa a ƙulle, da wanda kakanni ke yi wa jarirai. Na ɗauki huɗu. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma rage tsawon wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ya ƙoƙari? Ni amarya ce, muna zaune a gidan haya a bayan Ƙofar Ƙaura. Tun da na tare ban ji daɗin gidan ba. Da na shiga ɗaki sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, barci ba ya mani daɗi, ni da maigida kuma abu kaɗan sai faɗa, alhali da ba haka muke ba. A Instagram na ga wata tana sayar da wani farin ganye a ɗaure da zare, wai sunansa sej, daga Amurka ake kawo shi. Ta ce in aka kunna aka zagaya da shi kusurwoyin gida yana kwashe duk wata muguwar iska da sharrin da waɗanda suka riga mu zama suka bari. Surukata kuma ta ce in rabu da kayan Turawa, in nemi hano da habbatus sauda in riƙa hayaƙi da magariba. Wanne zan yi?
Daga wata amarya, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanya alheri a aurenku, ya kawar da abin da ke tsakani.

Bari in fara da ganyen, don 'yan mata da yawa sun tambaye ni shi. Asalinsa ba na Turawa ba ne. Wani tsiro ne mai farin ganye da ke fita a busassun tuddan kudancin Kalifoniya da arewacin Meziko, kuma masu shi su ne ƙabilun da Turawa suka iske a ƙasar, irin su Cumash da Kumeyay. A wurinsu kunna shi ibada ce. Akwai yadda ake tsinko shi, akwai addu'o'in da suke yi bisa addininsu, kuma sun sha wuya a kan addinin nan. Tun daga 1883 gwamnatin Amurka ta kafa ƙa'idojin hukunta masu bukukuwan gargajiyarsu, sai a 1978 aka yi dokar da ta amince masu da 'yancin ibadarsu. Daga baya 'yan kasuwa suka gano akwai kuɗi a ganyen. Yanzu ana shiga daji ana satarsa buhu-buhu, wani lokaci har da saiwa, masu shi suna ta kuka a kai. Sau da yawa ana haɗa shi da wani icce mai ƙamshi da ake kira palo santo, daga Peru da Ekwado, wanda dangi ɗaya ne da hano da dashin da muke shinge da su a gonaki.

Saboda haka abin da take tallatawa gutsuren addinin wasu ne da aka yanko aka sa wa farashi. Ke musulma ce, ba ki da hurumi a cikinsa, su ma masu shi da yawansu ba su yarda a mayar da shi haja ba. Ki riƙe kuɗinki.

Sai maganar surukarki. Na fahimce ta, don irin tarbiyyar da aka yi mana ke nan, kuma ni ba maƙiyiyar hayaƙi ba ce. A cikinsa na tashi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, turaren wuta take haɗawa a gidanmu na Rafindadi, ta koya ne a hannun wata maƙwabciyarmu Babarbariya. Mu ne masu dakan kajiji, mu ne masu wanke farce a jiƙa a soya har ƙarnin ya fita. Ita kuma ta narka sukari da ruwan lemun tsami, ta juye hawi da sandal a ciki, ta bi da madarar turare, ta rufe a kwalba sai ya kwana biyu ya kama jikinsa. Har yau ba na son baƙo ya shigo mani ɗaki ban sa garwashi a kasko ba. Kuma abu ne mai asali. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yana yin turaren wuta da iccen ud, wani lokaci ya haɗa da kafur, ya ce haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi. Nana A'isha ta ruwaito umarninsa cewa a tsabtace masallatan unguwa a sa masu ƙamshi.

Duk wannan ƙamshi ne. Abin da ba a karantar da mu ba, a zaure ko a Islamiyya, shi ne Annabi ya zagaya gida da hayaƙi don ya kori shaiɗan ko ya kwashe sharrin wani. Da ya yi maganar tsare gida, wasu abubuwa ya faɗa. Ya ce kada ku mayar da gidajenku maƙabartu, shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Suratul Baƙara. Ya ce wanda ya ambaci Allah lokacin shiga gida da lokacin cin abinci, shaiɗan zai ce wa mutanensa yau ba ku da makwanci ba ku da abinci. Ya ce ayoyi biyun ƙarshen Baƙara sun isar wa wanda ya karanta su da dare. Habbatus sauda gaskiya ne an ce waraka ce, amma maganar cutar jiki ake yi. Na san akwai masu ruƙiya da ke cewa sun jarraba hayaƙinta sun ga aiki. Abin da mutum ya jarraba daban, abin da za a ce sunna ce daban. Kwamitin fatawa na Saudiyya, da aka tambaye shi batun turara alif ko ganyaye saboda kambun baka, ya ce bai halatta ba, ya ƙara da cewa wani lokaci manufar irin wannan hayaƙin neman yardar aljanu ce. Mu nan ba sai an faɗa mana ba, kowa ya san masu bori suna kiran iskokinsu da turare.

In surukarki ta kawo maki hano, ki karɓa hannu biyu ki yi godiya. Ki sa kaɗan da taga a buɗe, don ƙamshinsa, dama mutanenmu suna korar sauro da shi. Ba sai kin yi mata wa'azi ba. Niyyarki ce kawai za ta bambanta da tata.

Nauyin nan shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. Na yarda kina jin shi, amma ina tsoron kada a bar jaki ana dukan taiki. Ki tsaya ki dubi ɗakin. Gidajen hayar da ake ginawa yanzu a bayan gari, da yawa tagarsu katangar maƙwabci take kallo, iska ba ta ratsawa. An yi sabon fenti kafin ki tare? An shimfiɗa sabuwar leda an jera sababbin kujeru an rufe ɗakin? Warinsu kaɗai yana sa ciwon kai. Akwai janareta kusa da tagar da kuke kwana? Kina barin garwashin turare a ɗaki ki ja ƙofa ki kwanta? Kowanne a cikinsu yana iya sa ki tashi da nauyin kai da na ƙirji.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa wa amare ba. Kin fito daga gidan da ke cike da mutane, ƙanne na shiga suna fita, Inna na ƙwala maki kira. Yau daga safe har dare ke kaɗai ce da waya. Shi kuma maigida wataƙila yana fama da bashin lefe da na haya bai faɗa maki ba. Ya shigo a gajiye yana son shiru, ke kuma kin wuni kina jiran wanda za ki yi wa magana. Faɗan watannin farko yawanci daga nan yake tashi. Waɗanda suka riga ku zama sun kwashe kayansu sun tafi da halinsu, ba su bar maku komai a kusurwa ba. Ki bari sai ya ci ya huta, ki ce mashi kina jin kaɗaici, ki tambaye shi abin da ke damun shi. Ki nemi izni ki shiga Islamiyyar matan aure ta unguwarku, ko a ba ki wata ƙanwa ta riƙa taya ki wuni. Baƙarar kuma ki karanta da bakinki ko kaɗan-kaɗan ne, a ganina ya fi ki kunna ta a waya ki shige kicin. In kin yi ɓatan wata ki yi gwaji, ƙaramin ciki ma yana zuwa da kasala da saurin fushi. In aka wuce mako biyu kullum kina cikin ƙunci, ga kuka ba dalili, abinci ba ya shiga, ki je asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mani, ciwon damuwa yana da magani. Idan kuwa faɗan ya kai ga duka, wannan ba abin rufewa ba ne, ki sanar da waliyyinki.

Tambaya: Gwaggo barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Na ga ana yawo da wani rubutu cewa kimiyya ta tabbatar hayaƙin sej yana kashe kashi 94 cikin ɗari na ƙwayoyin cutar da ke cikin iska. Ashe ke nan masu cewa yana tsarkake wuri suna da hujja?
Daga wani ɗalibi, Katsina

Amsa: Barka kadai ɗana. Binciken yana nan, amma ba a kan sej aka yi shi ba. Wasu masana a Indiya ne suka buga shi a 2007. Sun ƙona icce da wani haɗin ganyaye da saiwoyi da mabiya addinin Hindu ke zubawa a wutar ibadarsu, tsawon awa ɗaya a rufaffen ɗaki, suka auna suka ga bakteriyar da ke yawo a iskar ɗakin ta ragu da kimanin wannan adadin. Masu talla ne suka ɗauke lambar suka liƙa wa hajarsu. Bakteriya aka ƙirga, ba hassada ko rashin sa'a ba, don haka binciken bai ce komai a kan abin da suke sayar da ganyen dominsa ba. Kuma wanda ya zauna awa guda cikin hayaƙi a rufaffen ɗaki, huhunsa ma ba ya fita lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta hayaƙin girki da icce da gawayi ne, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. In ɗakinku na makaranta ne ya yi wari, ku buɗe taga, ku shanya katifa, ku wanke abin da ke son wanki.

Tambaya: Salamu alaikum Hajiya Gwaggo. Ina da shagon kayan masarufi a Daura, na daɗe ina cin abinci a ciki. Yanzu ciniki ya ja baya ƙwarai, na kusa da ni kuma kullum a cike. Wani abokina ya kai ni wurin wani malam a ƙauye, ya ce baki aka yi mani aka rufe shagon. Ya ba ni ƙulle-ƙullen magani ya ce in riƙa jefawa a wuta kafin fitowar rana har kwana bakwai, kada in kwance in ga abin da ke ciki, kada kuma in yi magana da kowa sai hayaƙin ya mutu. Na yi ban ga canji ba, ya ce sai an sake da wani mai tsada. Kuma duk ranar da na yi sai in wuni kaina na juyawa, bakina a bushe. In ci gaba?
Daga wani mai shago, Daura

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ci gaba, kuma kada ka koma.

Sahabbai sun tambayi Annabi game da tofin da suke yi tun zamanin jahiliyya, ya ce su kawo mashi ya ji, babu laifi matuƙar babu shirka a ciki. Wato a buɗe ake yin abin. Kai kuma an ba ka ƙulli an hana ka kwancewa, an gindaya maka lokaci, an ce ka kame baki. Malaman da na yi karatu a gabansu, 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, ban ji wanda ya kira wannan malanta ba. Wanda zai dube ka ya ce an rufe maka shago ba tare da wata hujja ba, gaibu yake da'awar sani, kuma ka san hadisin da ya ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Ka yi istigfari, Allah mai gafara ne. Abin da ya fi yi mani ciwo, ya dasa maka zargin maƙwabcinka a zuciya, mutumin da kuke haɗa sahu a masallaci. Wannan ɓarnar ta fi kuɗin da ka kashe.

Jirin da bushewar bakin sun tsaya mani a rai. Akwai tsirrai irin su zaƙami da alamominsu ke nan: bushewar baki, jiri, gani dishi-dishi, bugun zuciya, in ya yi yawa mutum ya fara gane-gane da sambatu, sai a ce ai ga aljanin nan ya bayyana. Ko shi ne a ƙullin ko waninsa, jikinka ya riga ya faɗa maka ba ya so. In akwai saura kada ka ƙona, kada ka bar shi inda yara za su kai hannu, ka tona rami ka binne. In jirin bai sake ka ba ka je Babban Asibiti a duba ka, a auna jininka da sukari.

Kambun baka gaskiya ne, ban musa ba. Tsarinsa azkar ɗin safe da yamma ne da Falaƙi da Nasi, kuma da bakinka za ka yi, ba ka buƙatar ɗan tsakiya. Amma ka tuna shekarun da muka ratso. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. A farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi, a watan Mayu aka cire tallafin fetur, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli kuma aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Garin da ke cin kasuwa da Kwangwalam da Mai'aduwa da mutanen Damagaram dole ya ji wannan a jikinsa. Mai sayen kwali ya koma sayen ƙulli. Ka je ka kalli shagon maƙwabcin naka da zuciya ɗaya. Yana karɓar taransifa? Yana ƙulla sukari da madara da omo na ƙaramin kuɗi? Ƙarfe nawa yake buɗewa? Ka kuma ɗauko littafin bashinka ka tara, don na ga shagunan da bashin 'yan'uwa da abokai ne ya cinye su. Akwai sahabi ɗan kasuwa, Sakhru Algamidi, wanda ya ruwaito addu'ar Annabi ta nema wa al'ummarsa albarka a cikin sammako. Shi da kansa da sassafe yake tura hajarsa, kuma ya yi arziki. Lokacin nan da kake tsugunne gaban kasko kafin fitowar rana, ka mayar da shi na share shago da jera kaya. In ka gama ka sa turarenka mai daɗi, mai saye yana son wuri mai ƙamshi.

Tambaya: Gwaggo ina wuni. Yaron wajena yana da wata 8. Kakarsa, mahaifiyar babansa, kullum da magariba sai ta ɗauke shi ta shiga ɗakinta, ta zuba garin magani a garwashi ta lulluɓe su da zane, wai maganin iska da mayu. Tun shigowar sanyi yake tari, ƙirjinsa na ƙara, numfashinsa na fita da sauri. Shekaranjiya jikinsa ya yi zafi ya yi jijjiga idonsa ya kafe, sai ta ce ai ga shi nan an taɓa shi, ta ƙara hayaƙin har da barkono. Babansa ba ya iya yi mata magana. Ni kuma in na yi a ce ba ni da kunya, ɗan fari ne.
Daga wata mai goyo, Ƙofar Guga, Katsina

Amsa: Lafiya lau ɗiyata. Ranar da saƙonki ya iso na amsa maki ta waya cewa ki kai shi asibiti a ranar, ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa ko Babban Asibiti, duk wanda ya fi maki kusa. Ina maimaitawa a nan saboda sauran iyaye.

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin yara. Yaro mai tari da zazzaɓi da saurin numfashi, abin da muke fara tsoro shi ne ciwon huhu, nimoniya. Ana iya ganin alamarsa tun a gida. A buɗe ƙirjin yaro lokacin da ya natsu, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye.

Jijjiga kuwa, tsakanin wata 6 da shekara 5 wasu yara suna yin ta in zazzaɓi ya hau, yawanci kuma tana wucewa ba ta bar komai ba. Abin nema shi ne me ya kawo zazzaɓin. A ƙasarmu na cizon sauro ne kan gaba, kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Muna kuma cikin yankin da sanƙarau ke tashi daga hunturu zuwa bazara. Gwajin jini da duban likita ne ke rarrabe su. In ta sake faruwa ki kwantar da shi a gefensa, ki rage mashi kaya. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura mashi ruwa ko rubutu ko manja yana cikin yi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. Na sha wanke ƙunar tafin ƙafar yaran da aka gasa don su farfaɗo. Jijjigar ta wuce cikin minti kaɗan, ƙunar ta zaunar da su makonni a gado. Barkono kuwa babba ma in ya shaƙa sai ya sarƙe. Hanyar iskar jariri 'yar siririya ce, kumburi kaɗan ya isa ya toshe ta, kuma yana numfashi kusan ninki biyu na babba. Hayaƙin da kakar ke jurewa a ƙarƙashin zanen ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta shiga yana fitar da wata guba, kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga janareta. Ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Farko ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai kasala, sai barcin da ba a tashi. Wani hunturu an kawo mana mai jego da jaririnta da yarinyar da ke taya ta kwana. An iske su da asuba a sume, ƙofa da taga a rufe, an toshe kafofi da tsumma, kaskon gawayi a ƙarƙashin gado. Uwar da yarinyar sun tashi, jaririn bai tashi ba. Dangin da suka rako su suna ta cewa wani abu ne ya shiga ɗakin, kuma na tabbata a daren da ya biyo baya akwai gidaje da yawa a unguwar da aka kwana da irin wannan kaskon. Annabi ya ce kada ku bar wuta a gidajenku lokacin da za ku yi barci. Da wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, ya ce wannan wutar maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta.

Kakar ba muguwa ba ce. Yawancin iyayenmu mata sun binne 'ya'ya, kuma abin da ta sani take yi don kada ta binne jika. Tsoron magaribar ma ba ita ta ƙirƙiro shi ba, hadisi ne ingantacce cewa in dare ya fara shiga a tsare yara a cikin gida, a rufe ƙofofi da sunan Allah. Don haka kada a ce mata ta daina tsare shi, a canza mata abin da take tsare shi da shi. Annabi yana nema wa jikokinsa Hasan da Husaini tsari da cewa: A'uzu bi kalimatillahit tammati min kulli shaiɗanin wa hammatin, wa min kulli ainin lammatin. Kaka ce ta fi dacewa da wannan aikin. A riƙa miƙa mata shi da magaribar kamar kullum, ta rungume shi ta karanta mashi wannan da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ta shafe shi, babu garwashi babu lulluɓi.

Ba ke za ki faɗa mata ba, na san gidajenmu. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau a gaban baƙi da surukai, amma ba ta kai ta hana ki ceton ransa ba. Ki sa babansa ya je asibitin tare da ku, in da hali har da ita kakar, ki roƙi likita ko nas su faɗi maganar hayaƙin a gabansu. Abin da suruka ba za ta karɓa daga bakin matar ɗa ba, takan karɓa daga mai farar riga. In hakan bai yiwu ba ki nemi wanda take jin nauyi, yayanta ko limamin unguwa ko malamar Islamiyyarsu. Shi kuma baban, in an karanta mashi wannan: Malam, biyayya ga mahaifiya wajibi ce, amma yaron amana ce a wuyanka, kuma ana iya durƙusawa a faɗa wa uwa gaskiya cikin ladabi.

In za ki koma asibiti ki tafi da katin rigakafinsa a duba ko ya samu allurar ciwon huhu duka uku, ta sati 6 da ta 10 da ta 14. In ya cika wata 9 akwai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, kada ta wuce ku. Ki ɗebi kaɗan daga garin da ake ƙonawa a takarda ki nuna wa likita. Turaren wutarki ma ki dakata da shi a ɗakin da yake kwana, kayanki ki turara su a tsakar gida. Allah ya ba shi lafiya ya raya maku shi. Ki sanar da ni abin da likita ya ce.